Sanƙo ya fara: a rufe shi ko a aske a huta?

Autan Maza:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka sani. Ban kai shekara talatin ba, amma gashin gaban kaina ya fara ja da baya ta gefe biyu, tsakiyar kai kuma ta fara haske, musamman in na tsaya ƙarƙashin fitila. Ba maganar dashen gashi nake yi ba tukuna. Abin da nake so in sani shi ne hanyoyin da ake bi a rufe wurin ba tare da an gane ba, kuma wacce ce ba ta cutarwa. Na ga bidiyo ana barbaɗa wata hoda, kafin ka ce kwabo kai ya cika. Gaskiya ne ko aikin kamara ne?

Tal-Kwabo:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka sa reza ka kwashe shi duka ka huta. Ni ma a irin shekarunka ya same ni. Duk abin da za ka shafa ko ka manna, kai ne za ka zama bawansa: ba ka son iska, ba ka son ruwan sama, ba ka son wani ya tsaya a bayanka. Ka tara gemu, ka gyara saje, kai ya yi tas. Ba wanda zai ƙara kallonka sau biyu.

Mai Kilifa:
Yaya Tal-Kwabo, ka bari a amsa masa abin da ya tambaya tukuna, askin ba gudu zai yi ba.

Auta, hodar gaskiya ce, kuma kusan kullum sai na sa wa mutane ita a kujerata. Ba hoda ba ce irin ta fuska. Wasu 'yan zaruruwa ne ƙanana ƙwarai, yawanci na keratin, wato irin sinadarin da gashi da farce suke da shi. Toppik da Nanogen irin wannan ne. Akwai kuma waɗanda ake yi da zaren auduga, kamar Caboki. Yadda take aiki shi ne, zaruruwan suna da ɗan cajin lantarki irin wanda ke sa mataji ya ja gashi a lokacin sanyi, sai su manne a jikin kowane silin gashi, ya yi kauri, ya yi kamar ya yi rassa. Wanda ya faɗo kan fata kuma ya dushe haskenta.

To ga inda bidiyon ba ya gaya maka: dole sai akwai gashin da za ta kama. A tsakiyar kanka da ka ce ta fara haske, za ta yi aiki sosai, don akwai siraran gashi a wurin. Amma a gefen goshi inda fata ta riga ta yi sumul, in ka barbaɗa, kwanciya za ta yi kamar ƙura, kowa ya gan ka ya gane.

Autan Maza:
Na gode Oga. Gumi fa? Ni mai yawan gumi ne.

Mai Kilifa:
Gumi kaɗan ba ya damunta in ka bi ta da feshin da ke riƙe gashi. Amma ruwan sama mai ƙarfi, ko iyo, ko wasan ƙwallo, ka cire rai. Kuma tana sauka a matashi in ka kwana da ita, tana taɓa wuyan farar riga. Ka sa ta a busasshen gashi, kar ka shafa mai kafin nan, don mai yana haɗe gashi ya zama dunƙule-dunƙule, fata ta ƙara fitowa. Kaɗan-kaɗan ake barbaɗawa, a daddanna da tafin hannu, a duba madubi, sannan a ƙara in da buƙata. Mafi yawan waɗanda ake ganewa, yawa suka zuba.

Sannan kafin hodar ma, askin kansa rabin aikin ne. Maza da yawa suna ganin in gashi ya fara raguwa sai su tara shi ya yi tsawo don ya rufe. Wannan shi ke tona asiri. In gefe da ƙeya sun cika sun yi baƙi ƙirin, sama kuma ta yi shara-shara, ido zai kama bambancin nan take. Ka rage gefen sosai, ya zama saman ne ya fi komai duhu, sai kan ya yi kamar a cike yake.

Baba Mai Furfura:
Yaro, ka ji maganar mai askin nan, ya san sana'arsa. Ni abin da zan ce wa ɗana Tal-Kwabo shi ne, kar ka mai da abin da ya yi maka daɗi ya zama doka a kan kowa. Ba kowane kai ne aski ƙwal yake karɓa ba. Wani yana da tabo, wani ƙeyarsa na da tudu da kwari, wani kuma ransa ne kawai bai kwanta ba. Mutumin da ya gyara haƙorinsa da ya karye ba a ce masa ya yi ƙarya, to don me za a ce wa wanda ya rufe sanƙonsa?

Tal-Kwabo:
Baba, ranka ya daɗe, ban ce ƙarya ba ce. Wahalar nake tausaya masa. Na san abin da ake ji in mutum ya shiga taro hankalinsa duk yana kan tsakiyar kansa.

Anti Nas:
Sannunku. A sashen fata nake aiki, kuma akwai abin da nake so in sa a gaba kafin a ci gaba da lissafa kayan rufi.

Zubewar gashi ba iri ɗaya ba ce. Kan mutum yana ɗauke da sili wajen 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Abin da Auta ya kwatanta, goshi ya ja baya ta gefe biyu, tsakiya ta yi haske, ya yi kama da sanƙon gado. Wani sinadari ne a jikin namiji da ake kira DHT yake sa tushen gashin ya riƙa ƙanƙancewa, kowane sabon sili ya fito ya fi na baya siranta da gajarta, har ya daina fitowa. Likitoci suna auna shi da ma'aunin Norwood na 1975, mai mataki bakwai. Wannan, in ka rufe shi ba ka ɓoye wata cuta ba.

Amma akwai waɗanda rufe su ba tare da an duba ba asara ce. In gashi ya zube wuri guda a zagaye, fatar ta yi santsi, cikin 'yan kwanaki, wannan sau da yawa garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar tushen gashi, kuma ana yi masa magani. In akwai ƙaiƙayi, zafi, ƙuraje, ɓawo ko ruwa, wannan ma wani abu ne daban. In gashi yana zuba ko'ina a kai, ana duba ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da kuma ƙwayar tayirod ta maƙogwaro. Abin da ke ƙona min rai shi ne mu ga mutum ya shekara da shekaru yana rufewa da kyau, sai ranar da ya zo mun buɗe mun tarar tushen ya riga ya mutu ya zama tabo. Tabo kuwa ba ya sake tsiro.

Don haka ku rufe, ba laifi, ni ma ina koya wa marasa lafiyarmu yadda za su rufe. Amma a san abin da ake rufewa.

Uwar Biyu:
Anti, Allah ya saka da alheri, kamar kin san damuwata. Bayan haihuwa da wata uku gashina ya fara fita a dunƙule. In na taje sai na ji kamar in yi kuka. Gefen goshina duk ya kwashe. Wata ta ce in sa hular gashi in manne ta da gam har ya dawo.

Anti Nas:
'Yar uwa, kar ki sa gam. Irin wannan zubewar ta bayan haihuwa sananniya ce. Lokacin ciki gashin da ya kamata ya zube yana tsayawa, bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai ya zube gaba ɗaya. Yawancin mata nasu yana komawa daidai kafin yaro ya shekara. Zazzaɓi mai zafi, tiyata, ko rama ta farat ɗaya ma suna jawo haka. Waɗannan 'yan ƙananan gashin da za ki ga suna tsirowa a goshi su ne masu dawowa, kuma su ne gam zai fara tsigewa. In kin je awo ki roƙa a duba miki jini.

Hajiya Mai Gyaran Kai:
Uwar Biyu, ƙanwata, zo in gaya miki abin da za ki yi kafin ya dawo. Na daɗe ina gyaran kan mata, kuma ba abin da ya cinye gashin goshin mata kamar abubuwa uku: kitso mai tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, da gam. Mace gashinta ya ɗan ragu, sai ta nemi abin rufewa, abin rufewar ya ƙara cinye shi, sai ta nemi wanda ya fi shi girma. Haka ake zagayawa har goshi ya koma tsakiyar kai.

In tsaga ce ta yi faɗi, ki sauya mata wuri, ko ki yi ta a karkace maimakon miƙaƙƙen layi. Ki samu hoda mai launin gashinki, akwai wadda aka yi don haka, in babu ko ta gira ma tana yi, ki ɗan shafa a tsagar da ƙaramin buroshi. Kar ki zaɓi baƙi wuluk, ruwan ƙasa mai duhu ya fi kama da inuwar gashi ta gaske. A gefen goshi kuma ki bi da sauƙi, kar ki ja layi.

In hular gashi kike so, ki sa, amma marar gam. Akwai ɗan maɗauri na karan-miski da ake zagaya kai da shi, hular ta zauna a kansa daram ba ta zamewa. Kitson da za a yi a ƙarƙashi ya zama sako-sako. Ki cire ta kullum da dare, kai ya sha iska, a wanke shi a kan kari. Kuma waɗannan ƙananan matajan da ke cikin hular, in kullum wuri ɗaya suke kamawa, wurin zai kwashe. Ki riƙa matsar da su ko ki cire su.

Ƙa'idata guda ce a kujera: in kitso ya hana ki barci, ko ya ɗaga miki fatar goshi, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin gashi, a tsefe shi a ranar. Kar ki ce bari ya saki.

Gimbiya:
Hajiya, ni fa gam nake sawa kuma ban ga abin da ya yi min ba. Ba kowa yake cutarwa ba. In an iya sawa an iya cirewa ai shi ke nan.

Hajiya Mai Gyaran Kai:
'Yata, na yarda akwai iyawa. Wadda ta sa shi a kan fata gaban gashi, ba a kan gashin ba, ta kuma cire da man cirewa a hankali, ba ɗaya take da mai fizgewa ba. Amma mu nawa ne muke da wannan haƙurin da ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Kuma ke gashinki lafiyayye ne. Ita wannan nata yana kan dawowa ne.

Anti Nas:
In ƙara a kan gam: baƙin gam ɗin nan da ake manna ƙarin gashi da shi yana da roba ta latas a ciki. Wadda safar hannu ta roba ko balan-balan ke sa ta ƙaiƙayi ko kumburi, kar ta kusance shi, don yana iya kai wa ga sarƙewar numfashi.

Sannan mata masu gashi irin namu mai murɗe, akwai wata zubewa da take farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa a zagaye, wani lokaci da zafi ko jin kamar ana tsira allura, wani lokaci shiru. Ta fi yawa a baƙaƙen mata, kuma irin mai barin tabo ce. Wadda ta ga tsakiyar kanta na haske, fatar na ƙyalli, ba ta ganin 'yan ramukan da gashi ke fitowa, ta ga likitan fata kafin ta sayi komai. Da wuri ana tsayar da ita.

Ɗalibin Tarihi:
Ina bin ku a hankali. Don Auta ya san ba shi ya fara ba: marubucin Rum Suwetoniyus ya ruwaito cewa shugaban Rum Juliyas Siza sanƙonsa yana damunsa ƙwarai, har yakan tajo gashin baya ya kawo shi gaba, kuma cikin duk girmamawar da aka yi masa ba wadda ya fi so kamar izinin sa kambin ganye a kowane lokaci. Sarkin Faransa Luwi na 13 ya fara sa hular gashi a 1624 da gashinsa ya zube yana matashi, fadawa suka kwaikwaya, abin ya zama ado a Turai fiye da ƙarni guda. Mutanen Masar na dā kuwa aske kai suke yi su ɗora hular gashi, wato sun haɗa ra'ayin Tal-Kwabo da na Hajiya wuri ɗaya.

Tal-Kwabo:
Tunda an shiga tarihi, Malam, ka ƙara da ɗan wasan tanis Andre Agassi. A wasan ƙarshe na gasar tanis ta Faransa a 1990, gashin da ke kansa na manne ne, kuma ya fara warwarewa tun daren jajibiri, sai da aka riƙe shi da filoli. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa hankalinsa ya tafi kan kada gashin ya faɗi a gaban duniya. Ya sha kashi a wasan. Bayan 'yan shekaru ya aske kai ƙwal. Wannan shi ne abin da nake nufi tun farko.

Na Gefe:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ya shafe ni. Ni ina sa gashin manne, irin na maza, kuma ba na jin kunyar faɗa. Yaya Tal-Kwabo, abin 1990 da na yanzu ba ɗaya ba ne.

Ga yadda yake. Ana aske saman kai inda ya yi sanƙo, a bar gefe da ƙeya. Sai a kawo wani shimfiɗi siriri, ko dai na raga mai laushi ko na wata fatar roba mai shara-shara, wanda aka ɗaure gashi a jikinsa sili-sili. A yanka shi daidai faɗin wurin, a manna da tef ko gam na musamman, sannan mai aski ya haɗe shi da naka. Ina wanka da shi, ina barci da shi, ina motsa jiki da shi. Na raga ya fi shan iska, na roba ya fi sauƙin gogewa amma ya fi riƙe gumi.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Duk sati biyu zuwa huɗu sai an ɗaga shi, an goge tsohon gam, an wanke fatar, an mayar. In ka yi sakaci bakin goshi zai fara ɗagowa, ƙura ta manne a gam ɗin ta yi baƙin layi, ga wari. Bayan 'yan watanni kuma gashin ya kan dushe ya ragu, sai sabo. Mafi siranta shi ya fi kyau, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa. Wanda ba shi da tsari a rayuwarsa kar ya fara. Amma ni ranar da na fara sawa na kalli madubi na ga fuskar da na sani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Baba Mai Furfura:
Madalla da kai, ɗana. Faɗin gaskiya irin wannan ya fi amfani ga yaron nan fiye da wa'azi.

Mai Kilifa:
Na Gefe, in ƙara abu ɗaya da nake gani. Kuskuren masu sa shi yawanci ba a gam yake ba, a kwaɗayi yake. Mutum mai shekara hamsin ya ce a yi masa cikar gashin ɗan shekara sha takwas, a sauko da layin goshi har kusa da gira. Nan take ake ganewa. A bar goshi inda shekaru suka ajiye shi, a rage cika, in akwai furfura a gefe a sa 'yar furfura a saman ma. Kuma lanƙwasar gashin ta dace da naka, don in naka murɗaɗɗe ne aka ɗora mai santsi, ko makaho ya shafa zai gane.

Gimbiya:
Wai ni gashin mutum da ake cewa, daga ina ake samo shi? Kuma ya fi na roba ne da gaske?

Ɗalibin Tarihi:
Mai yawa daga Indiya yake fitowa. A wurin bauta na Tirupati a jihar Andara Pradesh, masu ziyara suna aske kansu a matsayin sadaukarwa, hukumar wurin ta tara gashin ta yi gwanjonsa. Sarrafawa kuma birnin Shucang na lardin Henan a Sin ya yi suna a duniya da ita. Na roba kuwa, Kanekalon da aka sani wani zare ne na kamfanin Kaneka na Japan.

Hajiya Mai Gyaran Kai:
Kowanne da inda ya fi. Na roba yana riƙe fasalinsa, kin wanke ya bushe ya koma yadda yake, ba shi da nauyin kulawa. Amma yawancinsa ba ya son zafi, ko tururin murhu ya buge shi zai ƙanƙance, kuma sabo yana da ƙyallin da ke tona shi. Na mutum ana rina shi, ana gasa shi, ya fi daɗewa in an kula, amma yana buƙatar hidima kamar naki na kai, har ma fiye, tunda ba ya samun mai daga fata. Wadda tsakiyar kanta ce kawai ta yi shara-shara ba sai ta sa cikakkiyar hula ba, akwai ɗan ƙarami da ake ɗorawa a saman kawai, nata ya fito ta gefe.

Autan Maza:
Na ƙaru sosai. Saura abu biyu. Wannan baƙin da masu aski ke fesawa a bakin goshi, da kuma wanda ake yi da allura kamar tatu.

Mai Kilifa:
Feshin iri biyu ne. Akwai launi kawai wanda wanka ɗaya ke fitar da shi, akwai kuma dayis na gaske da ke kama fata ya yi kwanaki. Na biki ne da hoto. A nesa yana da kyau, a kusa in an cika shi sai ya yi kamar an shafa fenti, kuma bayan kwana biyu yana dusashewa ba daidai ba. Ni ba na sa wa mutum dayis a fata sai na tambaye shi ko ya taɓa yin rini ya yi masa illa.

Anti Nas:
Ka kyauta da kake tambaya. Yawancin baƙin rini yana da sinadarin PPD, kuma shi ne kan gaba wajen sa kumburin fuska da fatar kai bayan rini. Na ga wanda idonsa ya rufe ruf saboda shi. Ana gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a jira awa 48. Kuma don ka sha yi lafiya ba ya nufin ka tsira, jiki yana iya fara ƙin sa daga baya, in ya fara kuwa ba ya dainawa.

Na allurar kuma, ɗigo-ɗigo ne na launi ake sawa a saman fata, dubbai, don su yi kama da tushen gashin da aka aske. Ana yi a zama biyu zuwa huɗu. Ba ya tsirar da ko sili ɗaya, kamanni ne kawai. Ya fi dacewa da wanda ya yarda zai riƙa aske kansa ƙasa-ƙasa kullum, ko mai son rage hasken fata a tsakanin gashi, ko mai rufe tabon dashe. Yana dushewa a hankali, bayan wasu shekaru a sabunta. In allurar ta yi zurfi ɗigon yana bajewa ya koma shuɗi-shuɗi, gyaransa kuma sai da leza. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ya nemi shawarar likita tukuna. A tabbatar allura sabuwa ce an buɗe ta a gabanka, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan jini.

Tal-Kwabo:
Kun gani ko? Shi ma wannan sai ka aske. Duk hanya ta dawo gidana.

Mai Kilifa:
Yaya, gidan naka ma yana da nasa. Masu murɗaɗɗen gashi da yawa in reza ta bi fata sosai, silin yana lanƙwasowa ya koma cikin fata, ƙurajen aski su fito. A ƙeya kuwa wasu nasu yana taurarewa ya zama tudu, gashi ya daina fitowa a wurin. Irin waɗannan ba na sa musu reza, kilifa nake bi da ita in bar ɗan tsiro. Kuma kan da ba gashi rana tana dukansa kai tsaye, yana son hula ko man kariya daga rana.

Tal-Kwabo:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ya gwada askin ko sau ɗaya kafin ya ɗaura wa kansa hidima. In bai yi masa ba ai zai tsiro, wajen santimita ɗaya a wata.

Autan Maza:
Ita hular fa, ba ta ƙara sanƙo? Haka nake ji tun ina yaro.

Anti Nas:
Ba ta ƙarawa. Tushen gashi daga jini yake samun abincinsa, ba daga iskar waje ba. Sai dai in ta matse ƙwarai tana goga wuri ɗaya, ko ta yi datti. Haka kuma aski ba ya sa gashi ya fito da kauri, bakin silin ne da aka yanke yake jin kaushi.

Ƙanina, na san ka ce ba magani kake tambaya ba, amma a shekarunka zan yi maka rashin adalci in na yi shiru. Duk abin da Mai Kilifa ya koya maka yana aiki ne muddin akwai gashin da zai kama, sanƙon gado kuwa ba ya tsayawa don an rufe shi. Magunguna biyu ne aka daɗe da tabbatarwa: minoksidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasterayid a 1997. Suna ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga wani abu, sun fi iya riƙe wanda ya rage fiye da dawo da wanda ya tafi, kuma in an daina ana komawa gidan jiya. Finasterayid yana iya taɓa sha'awar wasu maza, kuma mai ciki ba ta sha, ba ta ma taɓa fasasshiyar ƙwayar. Ka zauna da likita ku yi magana. In ka fara na shafawar, ka bari ya bushe sarai kafin ka barbaɗa hodarka.

Maman Yara:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ɗana mai shekara bakwai yana da wuri biyu a kai da gashin ya kakkarye, da fari-fari kamar amosani, yana susa. Yara suna tsokanarsa a makaranta. Zan iya sa masa hodar nan ko feshin kafin ya warke?

Anti Nas:
A'a Maman Yara, kar ki sa masa komai a kai. Abin da kika kwatanta ya yi kama da makero, kuma yana yaɗuwa. Ki kai shi asibiti a duba. In shi ne, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, don yana cikin silin gashin ne, sai an haɗa da maganin sha na makonni, sau da yawa shida zuwa takwas, kuma a shanye shi ko da wurin ya yi kamar ya warke. A ware masa matajinsa, tawul, hula da rigar matashi, a duba kan sauran yaran gidan. In yana son rufewa saboda tsokana, hular auduga marar matsi wadda ake wankewa kullum ta isa.

Mai Kilifa:
Kuma Maman Yara, ki gaya wa mai askinsa, don ya tsaftace kilifar da kyau kafin ya taɓa kan wani yaron. In da hali ki saya masa tasa ku riƙa zuwa da ita.